Turancin Widad da Ruwan Alkamata

Widad ta faɗi Turanci a jarrabawar shahada ta gama sakandare, kuma ni na kayar da ita. Ba malamanta ba, ba masu duba takarda ba. Ni, Bilyamin, ubanta.

Ga yadda aka yi. Makarantar 'yan mata ta ƙauyenmu ta yi shekara biyu babu malamin Turanci. Wanda aka turo ya zauna wata uku, ya ce sauro ya yi masa yawa, ya koma birnin Madani. Widad kuwa kanta na ja. Lissafi, Larabci, kimiyya, ba wadda ke kama ƙafarta a ajin. Aikin jinya take so ta karanta, ta ce min ba za a ɗauke ta ba sai makinta ya haɗu gaba ɗaya, har da na Turancin. Ni aji uku na yi, babana ya cire ni ya kai ni hawasha, wato gonar ban-ruwa, na kama noma, don haka ban san yadda ake haɗa maki ba. Abin da na sani, ɗiyata na son abu, kuma abu guda ya tare mata hanya.

Sai ga Abdussalami. Mutumin Najeriya ne, ya taho ta ƙasa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a nan kamar yadda ya ƙare wa kakanninmu. Ya kafa tebur a kasuwar Laraba yana gyaran rediyo da tocila. Mu nan tun muna yara ake gaya mana a Najeriya Turanci ake yi, a kasuwa, a kotu, ko'ina. Duk wanda ya fito daga can, kallonsa muke kamar da Turanci aka yi masa huɗuba. Ranar da na ji shi a waya yana zuba wani yare da sauri, na ce shi ke nan, Allah ya kawo min malami har gida.

"Malam Abdussalami," na ce, "ɗiyata za ka koya wa Turanci."

"Alhaji, ni fa ban yi boko ba. Turancina na tasha ne, na tsince shi sanda nake aikin mota a Legas."

"Wannan tawali'u ne. Ba daga Najeriya ka zo ba?"

"Daga can na zo."

"To halas, magana ta ƙare. Gobe bayan la'asar."

Wata biyar yana cin kisra, gurasar dawarmu, da miyar kuɓewa a gidana, yana koyar da ita a zaure. Ni ina jin su daga tsakar gida ina murna. Tun sati na biyu Widad ta same ni ina gyaran ƙotar fartanya.

"Baba, abin da yake koya min ba ya cikin littafi."

"Littafin wa ya rubuta shi?"

"Ma'aikatar ilimi, a Khartoum."

"Mutanen Khartoum ne za su fi wanda ya fito daga inda ake yin abin? Koma ki zauna."

Ta ɗauko littafin ta buɗe wani shafi mai layuka da gurabe, inda ake so a cike wasu ƙananan kalmomi. Ta ce a nan ake kayar da ɗalibai, kuma ta nuna wa Abdussalami, ya juya shafin sama da ƙasa ya ce a can ba haka ake magana ba. Na ce to kin ji da kunnenki. Uwarta Aminat ta sa baki, ta ce in kai yarinya wajen wanda ya san littafin ko sau ɗaya a gwada. Na ce mata ni na san abin da nake yi. Ta ce, "Allah ya sa," ta ci gaba da tankaɗe.

Da sakamako ya fito, a wayar maƙwabciyarmu Widad ta duba. Komai ta ci, wasu ma da kyau ƙwarai. Turanci ya ja makin ƙasa, aikin jinya ya wuce ta. Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da wayar, ta yi godiya, ta shigo ta kwashe tufafi ta fara wanki. Da ta yi kuka da na fi samun sauƙi.

Na tafi kasuwa da niyyar in ci mutuncin Abdussalami a gaban jama'a. Ya bar ni na gama, ya ajiye rediyon da ke hannunsa.

"Alhaji, mi na ce maka ranar farko?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Na ce maka na tasha ne. Ka ce tawali'u. Ni baƙo ne, kai mai gari, kana ba ni abinci. Da wane baki zan sake musa maka?"

Na juya na dawo gida, na tsaya a kan Widad tana shanya.

"Za ki sake jarrabawa baɗi."

"Da wane malami, Baba?"

"Wannan ki bar min."

Na yi tambaya har na sami labarin wata malama, Ustaza Sabah, a garin Wad Haddad. Bahaushiya ce, ta koyar shekara talatin ta ajiye aiki, tana karantar da 'yan mata ƙalilan a gidanta, ƙarƙashin wata bishiyar nim, wato dogon yaro. Gajera ce, da tabarau mai igiya, Hausarta rabi Larabci. Ta ba Widad takarda ta ce ta rubuta layi biyar. Ta karanta, ta cire tabarau, ta dube ni.

"Wa ya koya mata wannan?"

Na ba ta labari, ban rage komai ba. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Ya Abu Widad! Ashe duk wanda ya fito daga Makka limami ne?"

"Na ji, Ustaza. Za ki karɓe ta ko ba za ki karɓa ba?"

"Zan karɓa, da sharaɗi. Asabar, Litinin, Laraba, daga hantsi zuwa azahar. Kai za ka kawo ta, kuma ka zauna can kan benci ka ji abin da ake yi. Na gaji da iyayen da ke turo min yara, bayan sati uku su janye su don wani ya ce musu wani abu a kasuwa."

"Ni manomi ne, Ustaza."

"Ni ma ɗiyar manomi ce. Ka yarda?"

Na ce na yarda. Na san abin da nake ɗauka sanda na faɗa, kada wani ya ce ban sani ba.

Domin ni ne samad, mai rabon ruwa, na layin gonakinmu, shekara goma sha huɗu. Hawasha tara ke shan ruwa daga abu ishirin guda, wato ƙaramar magudanar da ke ɗebo ruwa daga tur'a, babbar magudanar yankin, ta bi gefen gonakinmu. Ta farko ta Muzammil ce, a bakin ƙofar ruwa. Tawa ce ta takwas. Ta tara, can a wutsiya, ta Audi ce, abokina tun muna kama kifi a tur'a. Idan mai gadin tur'a ya buɗe ƙofa, kowa na sama yana yin ɗan bango da laka a cikin magudanar don ruwa ya karkata zuwa gonarsa. Aikin samad ya bi layi da sanda, ya auna ruwan da ya kwanta a kowace gona, in ya kai, ya ce a fasa bangon ruwa ya wuce gaba. In ba a tsaya a kansu ba, na sama ba sa fasawa. Ba mugunta ba ce kullum, mutum ne yana ganin ruwa a gonarsa ba ya son ya ga ya tafi. Sandar ta babana ce, ta itacen sunut, wato bagaruwa, da tsaga uku da ya yi mata da wuƙa. Ruwa in ya taɓa tsaga ta biyu, an gama, ko gonar wa ce.

Daga ƙauyenmu zuwa Wad Haddad tafiyar awa guda da rabi ce a karon jaki, wato amalanke, ta kan gaɓar tur'a. Zuwa, zama, dawowa, wuni ya tafi. Da kaka ban ji nauyin abin ba. Muka cire dawa, muka shuka alkama, ni ina kai da kawowa. Ina zaune kan benci da rawanina, 'yan mata shida suna kallona suna ƙunshe dariya. Ban gane komai ba, amma na lura da abu guda: Ustaza ba ta taɓa juya shafi ta ce ba haka ake magana ba. Duk gurbin da ke littafin sai ta tsaya a kansa.

Wata Litinin ta tsaya kan shafin nan da Widad ta taɓa nuna min. Ta rubuta kalmomi uku a allo, ta ce su maimaita. In charge of. Ta ce waɗannan ba sa tafiya gaba, sai an fara kiran mutum ko abu, sannan su biyo bayansa, sannan a faɗi abin da aka ɗora masa. Wata yarinya ta juya su, Ustaza ta buga allo da alli. Sai ta nuna ni da allin.

"Widad, ga babanki. Mi yake yi a ƙauye?"

"Samad ne, Ustaza."

"Faɗa min da Ingilizi."

Widad ta dube ni, ta dubi allo, ta ce a hankali, "The man in charge of the water."

"Tamam! Sake!"

Ta sake, da ƙarfi. Na ce mi ta ce a kaina. Ustaza ta ce, "Cewa ta yi mutumin da aka ɗora wa kula da ruwa. Ka ga, mutum tukuna, sannan kayan da ke kansa."

"Ai ko a karo haka ake yi," na ce. "Jaki gaba, kaya baya."

'Yan matan suka fashe da dariya, har Widad. Rabon da in ji dariyarta tun kafin sakamako. Ranar a hanya ta yi ta jera min misalai, matar da ke kula da asibiti, mutumin da ke kula da ƙofar tur'a, tana faɗa da Turanci tana mayarwa da Hausa, jaki na tafiya kunnuwansa a miƙe.

Ruwan alkama ba ya sallama. Mai gadi na buɗewa ne sanda ruwa ya iso masa daga sama. Wata Asabar da safe, ina ɗaura wa jaki karo, Audi ya shigo da laka har gwiwa.

"Samad, an buɗe."

Widad na tsaye da jakarta. Ta ce, "Baba, in fasa yau."

Saura sati shida jarrabawa, kuma satin ne Ustaza ta fara ba su takardun shekarun baya suna amsawa da agogo a gabansu. Ta riga ta ce wadda ta fasa ba ta da wata rana da za ta rama mata. Babu kuma wanda zan ba Widad ya kai, don ranar ruwa duk mai karo yana gonarsa.

"Hau," na ce. "Bara da taurin kaina na kayar da ke. Bana da shi zan kai ki."

Na miƙa wa Audi sandar na ce ya bi layi a madadina. Ya karɓa kamar na ba shi maciji.

"Muzammil ba zai ji maganata ba, ka sani."

"Ka nuna masa tsaga ta biyu."

Da na dawo bayan la'asar, na tarar ruwa ya kwanta a gonar Muzammil har ya rufe kunya, bangonsa na nan daram. Na biyu da na uku sun ga ya ƙi, su ma sun ƙi. Audi na zaune a gaɓa, sanda a cinya. Ya ce ya yi magana, Muzammil ya ce masa shi samad ya sani, bai san ɗan aiken samad ba. Na shiga magudanar da kayana na fasa bangon da hannuna. Lahadi na wuni a kai, ruwa ya kai ta shida. Litinin na sake tafiya Wad Haddad. Kafin in dawo an rufe ƙofa. Ta bakwai ta sami rabi. Ni da Audi ko ɗigo.

Audi bai yi min faɗa ba. Ya zo ƙofar gidana bayan sallar azahar ranar Talata, ya ƙi shiga, ya ƙi shayi.

"Bilyamin, 'ya'yana bakwai. Ba wanda ke karatun Ingilizi a cikinsu. Alkamar nan ce karatunsu."

"Na ji."

"Jin ba ya jiƙa ƙasa."

"Ruwa mai zuwa zai kai gare ka. Ni na faɗa."

Alkama na iya haƙuri da ƙishi guda. Na biyu, in ya same ta tana fitar da kai, ba ta yafewa. Ganyen tawa da na Audi ya fara naɗewa, ƙasa ta tsattsage har hannu na shiga. Ruwa ya dawo ranar wata Laraba, kuma mai gadi ya ce kaɗan ne, kwana uku zai rufe. Aminat ta tare ni a bakin ƙofa.

"Baban Widad, yau guda. Ka roƙi Ustaza."

"Yau ce takarda ta ƙarshe da za su gwada."

"To mi za mu ci?"

"Akwai dawa a rumbu."

Na kai Widad. A kan benci ban ji kalma guda ba, idona na kan inuwar nim ina lissafin inda ruwa ya kai. Ustaza ta duba takardar Widad a gabana, ta yi ta sa alama da jan biro, ta ɗago.

"Ya Abu Widad, in ta rubuta haka ranar jarrabawa, ta wuce."

Na ce alhamdu lillahi, na ce Widad ta yi sauri.

Alhamis da Juma'a ban bar magudanar ba sai don sallah. Na yi faɗa da Muzammil har aka riƙe mu. Na tura ruwa gona bayan gona, ina hana kowa kai tsaga ta biyu, ina cewa su yi haƙuri da ta farko. Juma'a da hantsi ruwa ya iso bakin gonata, siriri, ya riga ya fara ja baya don an rage ƙofa. Na sa sanda na auna, na dubi feddan ɗina, wato faɗin gonata, na dubi na Audi. Gona guda zai isa. Bisa tsari tawa ce, ni ne na takwas.

Audi na tsaye a kan iyaka yana kallon ruwan.

Na ɗebo laka na toshe bakin gonata. Na ƙara, na taka da ƙafa har ya yi ƙarfi. Ruwa ya bi ta gaban alkamata ya wuce.

"Bilyamin, raba mu yi."

"In mun raba, duka biyu za su mutu. Buɗe taka."

"Aminat za ta tsine min."

"Ni za ta tsine wa, ta saba. Buɗe, ya zol, mutumina, ruwa na tafiya!"

Ya buɗe.

Bayan sallar Juma'ar da ta biyo, mutanen layi suka tsayar da ni a inuwar masallaci. Muzammil ne ya yi magana, shi da ya riƙe ruwan. Ya ce samad da ke zaman benci a cikin 'yan mata kwana uku a sati ba samad ba ne, ya ce ta bakwai ta yi asara, ta shida ma ba ta ƙoshi ba. Wasu suka yi dariyar bencin. Audi ya fara kare ni, na ce ya bari.

"Abin da ya faɗa gaskiya ne," na ce. "Ba na nan sanda ya kamata in kasance. Amma ku tambaye shi bangon wa na fasa da hannuna."

Ba wanda ya tambaye shi. Mutum biyar cikin tara danginsa ne ko surukansa. Na ce in za a karɓa a ba Audi, shi ya san zafin wutsiya. Suka ce sun ji, za su duba. Suka ba Muzammil. Ya miƙo hannu, na ce sandar ta babana ce, ba ta layi ba. Liman ya ce shekara arba'in da ita ake auna ruwan nan, kowa ya yarda da tsagarta, in an sassaƙa sabuwa rigima ba za ta ƙare ba. Na san haka ne. Na ba shi.

Washegari Asabar ce. Na ɗaura wa jaki karo kamar kullum. Widad ta ji labari wajen uwarta, ta fito ta hau. Da muka biyo ta gefen gonata ta ga alkamar ta yi fari tun ba ta yi ido ba, ta rufe fuska da mayafi.

"Ba na son wannan," na ce. "Ciro littafi. Faɗa min wancan na rannan, na mai kula da ruwa."

"Baba..."

"Faɗa. Ko ba ni ba ne yanzu, ai kalmomin ba su canza ba."

Ta faɗa. Na ce ta sake. Har Wad Haddad tana karantawa ina kora jaki.

Ta rubuta jarrabawa. Da sakamako ya fito ta ci Turanci, ba da yawa ba, amma ya isa. An ɗauke ta karatun jinya a Madani. Ustaza Sabah ta aiko min da saƙo cewa bencina na nan in ina so in ci gaba. Abdussalami ya zo taya murna da rediyo ƙarama da ya gyara, ya ba Widad, na sa aka kawo masa kisra. Audi ya cire alkamarsa, ba ta cika ba amma ta fita kunya. Ya aiko min da buhu biyu, na mayar, ya sake aikowa, Aminat ta karɓa ba ta tambaye ni ba.

Tawa ban sa mata lauje ba. Makiyaya suka zo da tumakinsu, na buɗe musu suka cinye ta a tsaye cikin kwana huɗu. Noman rani guda ke nan. Sandar babana kuwa tana hannun Muzammil. Yanzu in an buɗe ruwa, zama nake a bakin hawasha ta takwas da fartanyata, ina jiran ya ce a fasa.